Blu-ray da HD DVD: me ya sa ɗaya ya ci kasuwa, ɗayan ya mutu cikin shekara biyu?

A ƙarshen 2024 kamfanin LG ya daina ƙera na'urorin kunna faifan Blu-ray, a watan Fabrairun 2025 kuma Sony ya daina buga faya-fayan Blu-ray na ɗaukar bayanai, waɗanda ake saye babu komai a kansu. Wannan labari ya sa masu bibiyar harkar fasaha sun sake tono tsohuwar tambaya: shi Blu-ray ɗin da ake yi wa bankwana yanzu, yaya aka yi tun farko ya kayar da abokin hamayyarsa HD DVD? Amsar da ta fi yawo a bakin mutane ita ce "ai ya fi shi kyau." Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba ita ce ta yanke hukunci ba. Wanda ya zauna gaban talabijin a 2006 ya kalli fim ɗaya a kan faya-fayan biyu, da wuya ya iya nuna bambanci, kuma a watannin farko ma HD DVD masu sharhi suka fi yabawa.

Mene ne su, kuma ina suka bambanta?

DVD ya fito kasuwa a Japan a 1996, a Amurka a 1997, yana ɗaukar giga 4.7 a shimfiɗa ɗaya. Wannan ya wadatar a zamanin talabijin mai ƙeya. Da manyan talabijin masu shafaffen allo suka fara shiga gidaje, hoton DVD ya fara nuna gazawa, sai aka shiga neman faifan da zai ɗauki hoto mai layi 1080, wanda ke cin wuri ninkin-ba-ninkin.

Mafitar tana cikin hasken lesa da ke karanta faifai. Na DVD ja ne. Shuɗin lesa, wanda aikin Shuji Nakamura a kamfanin Nichia na Japan ya share wa hanya, ya fi shi siranta, don haka yana iya karanta rubutun da aka matse sosai. Duka Blu-ray da HD DVD shuɗin lesa ɗin nan suke amfani da shi. Faɗinsu ɗaya, kaurinsu ɗaya, hanyoyin matse hoto da suka amince da su ma iri ɗaya ne guda uku.

Bambancin yana wurin da aka ajiye rubutun a cikin faifan. Kaurin faifai milimita 1.2 ne. Toshiba da NEC, masu HD DVD, sun bar rubutun a tsakiya, ƙarƙashin roba mai kaurin milimita 0.6, daidai yadda yake a DVD. Amfanin haka shi ne masana'antar da ke buga DVD za ta iya komawa buga HD DVD da ɗan gyara kaɗan, ba tare da zuba sabon jari mai yawa ba. Sony da abokansa, masu Blu-ray, su kuwa suka ɗago rubutun zuwa dab da fuskar faifan, milimita 0.1 kawai ke rufe shi, kusan kaurin takarda. Wannan ya ba su giga 25 a shimfiɗa ɗaya, 50 a shimfiɗa biyu, yayin da HD DVD ke tsaye a 15 da 30. Amma ya jawo musu matsala biyu: sai an gina sababbin injinan bugawa, kuma ƙaramin karce na iya lalata fim. Faya-fayan Blu-ray na farko da aka sayar a Japan a cikin kwanson roba suke zuwa saboda tsoron karce, sai da TDK ya samar da wani shafi mai tauri da ake lulluɓe fuskar da shi kafin aka iya sayar da su tsirara.

A taƙaice, ɗaya ya fi ɗauka, ɗayan ya fi sauƙin bugawa da araha. A kan kanta kuwa mai saye yana gane su da launin kwali: na HD DVD ja, na Blu-ray shuɗi.

Me ya hana su sasantawa?

Kuɗin lasisi. A lokacin, duk wanda ya ƙera na'urar DVD ko ya buga faifai, akwai ɗan abin da yake biyan masu haƙƙin fasahar, kuma idan ana maganar ɗaruruwan miliyoyin na'urori da biliyoyin faya-fayai, ɗan abin nan dukiya ce. A 1995 an kusa yin irin wannan rikici a kan DVD: Sony da Philips suna da nasu tsarin, Toshiba da Time Warner suna da nasu. Kamfanonin kwamfuta, IBM a gaba, suka tsaya kai da fata cewa tsari ɗaya kawai za su karɓa. Aka sasanta, amma tsarin da aka ɗauka ya fi karkata ga na Toshiba, kuma Sony bai manta ba.

Saboda haka a watan Fabrairun 2002, lokacin da kamfanoni tara suka sanar da Blu-ray, cikinsu har da Sony, Panasonic, Philips, Pioneer, Sharp, Samsung da LG, ba su kai shi gaban majalisar da ke kula da DVD ba, inda Toshiba ke da ƙarfin faɗa a ji. Suka kafa tasu ƙungiyar. Toshiba da NEC suka kai nasu gaban majalisar, ta amince da shi a ƙarshen 2003 da sunan HD DVD. An zauna teburin sulhu a 2005, aka tashi baram-baram, domin babu wanda ya yarda ya saki tsarin faifansa. A watan Satumba na shekarar Microsoft da Intel suka shiga bayan Toshiba. Shi Microsoft yana da nasa lissafin: manhajar da ke tafiyar da jerin zaɓuɓɓuka a HD DVD da hannunsa a ciki, ta Blu-ray kuwa an gina ta a kan Java, wata fasahar rubuta manhaja wadda ba tasa ba ce.

Abin lura tun daga nan shi ne kusan duk manyan masu ƙera kayan lantarki suna gefen Sony. Na'urar HD DVD kuwa, in ka cire 'yan kaɗan, Toshiba ne kawai ke ƙera ta.

Darasin Betamax

Ba a fahimtar abin da Sony ya yi sai an koma baya. A 1975 ya fito da kaset ɗin Betamax, JVC ya biyo da VHS a 1976. Betamax na farko awa ɗaya yake ɗauka, VHS awa biyu, kuma JVC ya buɗe ƙofa ga wasu kamfanoni su ƙera. Shagunan hayar fim suka cika da VHS, mutane suka bi inda fina-finai suke, har Sony ya haƙura ya fara ƙera VHS a 1988. Shekara guda bayan haka ya sayi kamfanin fim na Columbia Pictures. Daga lokacin ya zama mai na'ura kuma mai fim. A 2005, ana dab da fara sabon yaƙin, wani gungun masu zuba jari da Sony ke jagoranta ya sayi kamfanin fim na MGM.

Da aka ja daga, Sony Pictures, MGM, Disney, Fox da Lionsgate duk Blu-ray kaɗai suke bugawa. Universal ne babban kamfanin da ya tsaya wa HD DVD shi kaɗai. Warner da Paramount suka raba ƙafa. Disney da Fox ba don son Sony suka je can ba, tsoron satar fasaha ne ya kai su. Duka faya-fayan biyu suna da makulli iri ɗaya mai suna AACS, amma Blu-ray ya ƙara wani a kai mai suna BD+, sannan ya yarda da raba duniya shiyya-shiyya, yadda faifan Amurka zai iya ƙin yi a na'urar Turai ko Afirka. HD DVD ba shi da wannan shinge. Ga mai kallo wannan alheri ne, ga mai fim kuwa asara. Kafin ƙarshen 2006 an riga an fara fasa AACS, kuma a watan Mayun 2007 lambobin makullin suka bazu a intanet yadda babu lauyan da zai iya tattara su. BD+ ɗin ma daga baya an fasa shi, amma lokacin ya riga ya gama aikinsa na jawo kamfanonin.

Na'urar gem da ta zo da faifai a cikinta

Toshiba ne ya riga fita. A ƙarshen Maris 2006 na'urarsa ta fito a Japan, a Afrilu ta isa Amurka a kan dala 499. Ta Blu-ray ta farko, ƙirar Samsung, sai a Yuni ta fito, a kan kusan dala 1,000. Ninki biyu ke nan, ga shi faya-fayan Blu-ray na farko hotonsu bai burge kowa ba. Na'urorin HD DVD sun zo a kammale, da wurin jona intanet da iya nuna ƙaramin hoto a cikin babba, abubuwan da na'urorin Blu-ray na farko ba su da su. In da inganci da araha ne ke yanke hukunci, da a 2006 an gama magana.

Sai watan Nuwamba ya zo da PlayStation 3. Sony ya yanke shawarar saka Blu-ray a cikin kowace guda, ko mai saye yana so ko ba ya so. Shawarar ta yi masa tsada matuƙa. Ƙarancin shuɗin lesa ya sa aka ɗage fitarta a Turai zuwa Maris 2007. Farashinta ya kai dala 499 da 599, abin da ya sa 'yan gem da yawa suka koma Xbox 360 da Wii. Duk da wannan tsada, masu ƙiyasin kuɗin kayan ciki sun lissafa cewa Sony na yin asarar sama da dala 200 a kan kowace guda da ya sayar. Sashen gem na kamfanin ya shafe shekaru yana zubar da kuɗi.

Amma duba abin da asarar ta saya. PlayStation 3 ta zama na'urar Blu-ray mafi araha a kasuwa, kuma da yake ana sabunta manhajarta ta intanet, ta zama cikin mafi inganci. Yaron da ya matsa wa mahaifinsa a saya masa don buga ƙwallo ya shigar da Blu-ray falon gidansu ba tare da kowa ya yi niyya ba. Microsoft kuwa bai saka HD DVD a cikin Xbox 360 ba, ya sayar da shi daban a matsayin ƙarin akwati da ake jonawa, a kan dala 199. Sai wanda ya ƙudurta ne zai saya, kuma 'yan dubu ɗari ne suka ƙudurta. Zuwa farkon 2008 an sayar da PlayStation 3 sama da miliyan 10 a duniya, yayin da na'urorin HD DVD, har da na Xbox, ke wajen miliyan ɗaya.

Magoya bayan Toshiba suna da hujja mai ƙarfi a nan, kuma sun yi ta maimaita ta: yawancin masu PlayStation ba fim ya dame su ba, shi kuwa wanda ya sayi na'urar HD DVD don fim ya saya, don haka ya fi sayen faya-fayai. Gaskiya ne. Sai dai ko da kaɗan ne daga cikin miliyan 10 suka sayi faifai ɗaya ko biyu, sun rinjayi miliyan ɗaya masu himma. A tsawon 2007 faya-fayan Blu-ray sun riƙa sayuwa kusan biyu a kan kowane ɗaya na HD DVD a Amurka. A ganina nan ne aka ci yaƙin, sauran duk bin bayansa suka yi.

Kuɗin da suka yi ta yawo a bayan fage

Toshiba bai zauna ba. A watan Agustan 2007 Paramount da DreamWorks Animation suka sanar da cewa HD DVD kaɗai za su riƙa bugawa, duk da cewa Blu-ray ne ke kan gaba a ciniki. Jaridar New York Times ta ruwaito cewa an yi musu tayin da darajarsa ta kai dala miliyan 150. A Nuwamba Walmart, babban mai kantuna a Amurka, ya karyar da na'urar Toshiba zuwa dala 99 na ɗan lokaci, mutane suka yi layi. Karya farashin ya jawo masu saye, amma ya kori duk wani kamfani da ke tunanin shiga ƙera HD DVD, domin babu ribar da zai samu a kasuwar da mai ita ke sayarwa ƙasa da jari.

A ɗaya gefen, Blockbuster, babban mai shagunan hayar fim a Amurka a lokacin, ya gwada faya-fayan biyu a shaguna 250, ya ga sama da kashi 70 cikin 100 na masu haya Blu-ray suke ɗauka, sai a watan Yunin 2007 ya ce sauran shagunansa Blu-ray kawai za su ajiye.

Akwai wata magana da ake yawan jefawa, wai masu fina-finan batsa ne suka zaɓi wanda ya ci, kamar yadda ake cewa sun yi a zamanin VHS. A 2007 wannan harka ta riga ta koma intanet, nauyinta a kasuwar faifai bai kai ya juya akala ba.

Mako bakwai da suka rufe kasuwar

Ranar 4 ga Janairun 2008, kwanaki kaɗan kafin buɗe babban baje kolin kayan lantarki na Las Vegas, Warner ya sanar da cewa daga ƙarshen Mayu Blu-ray kaɗai zai riƙa bugawa. Wannan ya yi wa Toshiba zafi ta fuska biyu. Warner ne ya fi kowa girma a kasuwar fim ɗin gida, kuma shi ne tsohon abokin da suka haifi DVD tare. Dalilin da Warner ya bayar shi ne cinikin DVD ya fara ja da baya, mutane kuma sun ƙi sayen sabon faifan ko wanne iri don tsoron kada su sayi wanda zai mutu, saboda haka in rikicin ya daɗe kowa zai yi asara. An yi ta raɗe-raɗin cewa kuɗi masu yawa sun shiga tsakani, Warner ya ce cinikin kasuwa ya bi.

Ƙungiyar HD DVD ta riga ta kama ɗaki ta gayyaci 'yan jarida don taron da za ta yi a baje kolin. Ta soke shi. Toshiba ya sake zaftare farashi, ya sayi talla mai tsada a wasan Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka, amma bakin alƙalami ya bushe. Ranar 11 ga Fabrairu Netflix, wanda a lokacin aika faifai ta gidan waya ne babban aikinsa, ya ce zai daina sayen HD DVD, Best Buy, mai kantunan kayan lantarki, kuma ya ce Blu-ray zai riƙa ba abokan cinikinsa shawarar saye. Ranar 15 Walmart ya bi sahu. Ranar 19 shugaban Toshiba, Atsutoshi Nishida, ya tsaya gaban 'yan jarida a Tokyo ya ce sun daina. Asarar da kamfanin ya tafka ta kai wajen dala biliyan ɗaya, kuma kafin ƙarshen 2009 shi ma ya fito da na'urar Blu-ray.

A duba jerin waɗanda suka yanke hukuncin: kamfanin fim ɗaya da manyan dillalai uku ko huɗu. Mai kanti ba ya son ajiye fim ɗaya a kwali biyu, wuri yake ci, kuma mai saye yana dawowa da ƙorafi in ya kai gida faifan ya ƙi yi. Kamar dillalan hatsi ne a kasuwar Dawanau su haɗa baki su ce mudu ɗaya za a riƙa awo da shi. Ko naka ya fi kyau, sai dai ka ajiye shi a gida. Yawancin jama'a ba su zaɓi kowa ba, suna nan da DVD ɗinsu suna kallo.

Wa ya ci riba, wa ya kwana ciki?

Waɗanda suka sayi HD DVD su suka fara ji a jikinsu. Best Buy ya ba su katin sayayya na dala 50 don rage raɗaɗi, Warner kuma daga baya ya buɗe hanyar musanya jan kwali da shuɗi a kan 'yan daloli. Na'urar dai ta ci gaba da kunna DVD da faya-fayan HD DVD da aka riga aka saya, iyakarta ke nan. Fasahar ta ɗan sake rayuwa a ƙasar Sin da sunan CBHD, ba ta yi nisa ba.

Shi kansa wanda ya ci bai samu irin ganimar da DVD ya samu ba. A watan Janairun 2007, ana tsakiyar rikicin, Netflix ya fara nuna fim kai tsaye ta intanet, YouTube kuma yana da kusan shekara biyu. Shekara biyun da aka ɓata ana ja-in-ja su ne shekarun da ya kamata sabon faifan ya kafu, kuma da aka gama sai ga matsin tattalin arzikin 2008. Blu-ray bai taɓa maye gurbin DVD gaba ɗaya ba kamar yadda DVD ya yi wa kaset. Ya dai samu wuri mai kyau a na'urorin gem, har Microsoft ya saka shi a cikin Xbox One a 2013, kuma an fito da mai hoto mafi kaifi a 2016 don masu son tara fina-finai.

A ƙasar Hausa kuwa yaƙin nan ko ƙurarsa ba a gani ba. Masana'antar fim ta Kano ta taso a kan kaset ɗin VHS, ta koma VCD, wanda Amurka da Turai ba su taɓa runguma ba amma Asiya da Afirka suka karɓa hannu bibbiyu saboda arha, sannan DVD da na'urorin Sin masu cin kowane irin faifai. Dillalan Ƙofar Wambai ba su da dalilin sayen faifan da injin buga shi ke da tsada, na'urar kunna shi ke da tsada, kuma sai da babbar talabijin ake ganin amfaninsa. Daga DVD aka tsallaka kai tsaye zuwa memori da masu tura fim a waya, sannan YouTube. Wanda ya taɓa riƙe faifan Blu-ray a Kano ko Zinder, mafi yawa a gidan gem ya riƙe shi, yana saka wasan ƙwallo a PlayStation.

Netflix ya rufe sashen aika faifai a Satumban 2023, Best Buy ya kwashe faya-fayan fim daga kantunansa a farkon 2024. Har yanzu ana buga fina-finai a Blu-ray, masu saye kuma suna da hujjarsu: fim ɗin da ke kan faifai ba ya ɓacewa don yarjejeniyar wani kamfani ta ƙare, kuma ba ya cin data. Sai dai Sony da kansa ya rage dogaro da shi. PlayStation 5 ta fito a 2020 iri biyu, mai wurin faifai da marar shi, sannan PlayStation 5 Pro ta 2024 ta zo babu wurin faifai sam. Mai buƙata sai ya sayi ƙarin akwatin daban ya jona.